Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa ma'aikatan lafiya duba ido

Kuskuren farko na mai koyarwa ne. Sai a kwashe kwanaki ana zana sassan ido a allo, ana haddace sunayen cututtuka, a bar gwajin gani sai yammacin ranar ƙarshe. Alhali abu biyu ake buƙata daga ma'aikacin da zai koma cikin jama'a: ya auna gani daidai, ya kuma gane wanda bai kamata ya riƙe ba sai dai ya tura shi asibiti. Gara tun ranar farko kowa ya riƙa gwada ɗan'uwansa, mai koyarwa na tsaye a kansu.

Sai nisan allo. Allon Snellen na yau da kullum, wato allon haruffan da ake gwada gani da shi, don mita 6 aka yi shi, amma da yawa da taku suke aunawa, takun wani kuwa ba na wani ba ne. A ba kowa igiya mai tsawon mita 6, magana ta ƙare. A kuma kafa allon inda haske ke sauka a kansa, ba a idon wanda ake gwadawa ba.

Wajen rufe ido ake ɓarna ba a sani ba. Wani zai rufe da yatsu yana leƙe ta tsakaninsu, wani ya danne idon har idan an zo kansa ya ga dishi-dishi. Da tafin hannu ake rufewa, ba a dannawa. A fara da dama, a rubuta sakamako kafin a koma hagu. Wanda bai iya karatu ba a sa masa allon E, wanda harafin E kaɗai ke kansa, ƙafafunsa na fuskantar ɓangarori daban-daban, a nuna masa yadda ake yi tukuna. Kada a ce "Baba, kana gani?", domin zai ce eh don kara. A ce "Baba, ina ƙafafun suka fuskanta?"

Wanda ya kasa karanta layin 6/12, wato layin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12, a ba shi abin leƙe mai 'yar ƙaramar huda. In ganin ya gyaru, galibi tabarau yake buƙata. Ana kuma yawan manta gwajin kusa, a tazarar santimita 40, ga waɗanda suka haura shekara 40.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ɗauki duk jan ido abu ɗaya, a miƙa maganin ɗigawa. Ɗigon da ke da sitiroid, wato maganin rage kumburi, na iya ƙara lalata gyambon ido, yana kuma iya jawo hawan jinin ido, don haka ba na hannun ma'aikacin al'umma ba ne. Jan ido mai zafi tare da raguwar gani, rauni, gani ya ɗauke farat ɗaya, jaririn da bai kai wata ba yana kwantsa, ko fari a tsakiyar baƙin idon yaro, duk asibiti za a tura a ranar. In sinadari ne ya shiga ido, ba a jira sai an kai asibiti: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a kama hanya.

A kuma daina cewa "idonka lafiya lau" don mutum ya karanta layin 6/6, wanda lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 6. Hawan jinin ido daga gefe yake fara cin gani, kuma mai ciwon suga na buƙatar a duba cikin idonsa ko da yana gani garau.

Takardar turawa ma ba ita ce ƙarshen aiki ba. A rubuta sunan wanda aka tura a littafi, bayan mako biyu a bi sawu a ji ko ya je, in bai je ba a ji abin da ya hana shi.