Yadda Ake Auna Ingancin Cibiyar Kula da Masu Jinyar Ƙarshen Rayuwa

Idan likita ya bayyana wa iyali cewa ciwon da ke jikin majinyacinsu ya wuce matakin da magani zai warkar da shi, aikin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa raɗaɗi, a kiyaye mutuncinsa, a kuma tallafa wa waɗanda ke jinyarsa. Wannan shi ne aikin cibiyoyin da ake kira hosfis, waɗanda tsarinsu na zamani ya faro a birnin Landan a 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe cibiyar St Christopher's. Iyali kan zaɓi irin wannan cibiya ne cikin gaggawa, a kwanakin da hankali ya tashi, kuma kusan kowace cibiya tana yin alƙawarin tausayi da kulawa da kalmomi iri ɗaya. Saboda haka alƙawari ba ya isa ma'auni. Abin da ke raba cibiya mai inganci da marar inganci shi ne abin da take yi da tsakar dare, da ranakun hutu, da kuma kwanakin ƙarshe na majinyaci, don haka a kan waɗannan lokuta ya kamata mai bincike ya tattara tambayoyinsa.

Kafin komai, a tabbatar an fahimci irin hidimar da ake bayarwa. Mutane da yawa suna zaton cewa da zarar an yi rajista ma'aikaciyar jinya za ta tare a gidan dare da rana, alhali a mafi yawan tsare-tsare majinyaci yana gidansa ne, ma'aikata suna kawo ziyara, nauyin jinyar yau da kullum kuma yana kan iyali. A nemi cibiyar ta faɗi da lamba sau nawa ma'aikaciyar jinya za ta zo a mako, tsawon wane lokaci take ɗauka a kowace ziyara, da kuma wanda zai taimaka wajen wanka da sauya shimfiɗa da juya majinyaci. Amsar "gwargwadon buƙata" tana da daɗin ji, amma ba ta ɗaure kowa ba. Ya fi kyau a sake tambayar ta wata fuska: majinyacin da ke cikin irin wannan hali, ziyara nawa ya samu a makon da ya wuce?

Batun dare shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Raɗaɗi mai tsanani, da sarƙewar numfashi, da ruɗewa ko sambatu, ba sa jiran gari ya waye, kuma iyalin da suka rasa wanda zai amsa musu a irin wannan lokaci sukan kwashi majinyaci zuwa sashen gaggawa na asibiti, wurin da tun farko shi ya ce ba ya son komawa. Kowace cibiya za ta ce tana da lambar waya mai aiki sa'o'i 24. Abin tambaya shi ne wanda ke ɗaukar wayar: ma'aikacin jinya ne da ke da bayanan majinyaci a gabansa, ko kuwa mai karɓar saƙo ne da zai rubuta suna ya ce za a kira daga baya? Idan matsalar ba ta warwaru ta waya ba, cikin minti nawa wani zai iso gidan, daga wace tazara zai taso, kuma majinyata nawa ne ke wuyansa a wannan daren? Babu laifi mutum ya kira lambar da kansa da daddare kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya bayyana cewa yana bincike ne, ya ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a amsa da kuma irin amsar da za a ba shi. Cibiyar da ta san aikinta ba za ta ɗauki wannan a matsayin raini ba.

Haka kuma a tambayi abin da za a yi idan jinyar ta fi ƙarfin gida. A Amurka, inda shirin inshorar lafiya na gwamnati na Medicare ya fara ɗaukar nauyin wannan hidima bayan dokar 1982, an wajabta wa kowace cibiya ta iya samar da matakai 4: ziyarar gida ta yau da kullum, zaman ma'aikacin jinya na sa'o'i masu yawa a gida lokacin da hali ya tsananta, kwantarwa a cibiya ko asibiti don shawo kan ciwon da ya gagara, da kuma karɓar majinyaci na ɗan lokaci, har zuwa kwana 5, domin masu jinya su huta. Ko a ƙasar da doka ba ta tsara haka ba, waɗannan matakai ma'auni ne mai kyau. A tambayi cibiyar ko tana da gadaje nata ko yarjejeniya ta yi da wani asibiti, da kuma lokacin ƙarshe da ta kwantar da wani a can. Cibiyar da ta shafe shekara ba ta ba ko mutum ɗaya matakin gaggawa ba, da wuya a ce duk majinyatanta ne suka dace da sauƙi.

Sai batun magani, wanda a nan ne ƙwarewa ko rashinta ke fitowa fili. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar magance raɗaɗin ciwon daji, wadda ta ginu a kan cewa a ba da magani ta baki muddin hakan zai yiwu, a bayar da shi a kan lokaci tsayayye ba sai ciwo ya taso ba, a kuma hau daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi gwargwadon tsananin raɗaɗin. Mofin, wanda magani ne mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, alal misali, nau'insa na sha mai saurin aiki ana bayar da shi ne duk bayan sa'o'i 4, tare da ƙarin da aka tanada don raɗaɗin da ke ɓullowa a tsakani. Cibiya mai inganci za ta bar wa iyali rubutaccen bayani a kan wannan, ta ajiye magungunan gaggawa a gidan tun kafin a buƙace su, ta kuma haɗa da maganin taurin bayan gida tun ranar farko, domin kusan duk mai shan mofin yana fama da shi. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma idan ma'aikacin jinya bai ambace shi ba, alama ce da ya kamata a lura da ita.

A kuma bincika yadda suke auna raɗaɗi. Ga majinyacin da ke magana, akan nemi ya kimanta ciwonsa daga 0 zuwa 10 a kowace ziyara, a rubuta, a kwatanta da na jiya. Ga wanda ya daina magana ko mai cutar mantuwa, ƙwararren ma'aikaci yana karanta yamutsewar fuska, da nishi, da yanayin numfashi, da ƙanƙamewar jiki lokacin da ake juya shi. A tambaye su shirin da suka yi wa ranar da majinyaci zai kasa haɗiya, domin wannan rana tana zuwa ga mafi yawan mutane. Amsar da ta dace za ta ambaci ɗigon magani a ƙarƙashin harshe, ko filastar da ake mannawa a fata, ko ƙaramar na'urar da ke tura magani a hankali ƙarƙashin fata dare da rana. A ƙasashe da dama samun mofin kansa shi ne matsalar, saboda tsauraran dokoki da ƙarancin likitocin da ke da ikon rubuta shi. Dalilin da ya sa ke nan Yuganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman ikon rubuta shi a 2004. Don haka wajibi ne a san wanda ke rubuta maganin a cibiyar, da inda ake samo shi, da abin da ake yi idan ya ƙare ranar hutu.

Iyalai da yawa suna tsoron mofin, suna ganin yana gaggauta mutuwa ko yana jawo jaraba. Yadda cibiya ke tunkarar wannan tsoro yana bayyana halinta. Wadda ta ƙware za ta zauna ta yi bayani cewa idan an fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa daidai da raɗaɗi, maganin yana sauƙaƙa ciwo da sarƙewar numfashi ba tare da ya yanke kwana ba, sannan ta saurari ra'ayin majinyaci, domin wani ya gwammace ya jure ɗan ciwo ya kasance cikin hayyacinsa yana magana da 'ya'yansa. A ganina, cibiyar da ke gusar da hankalin majinyaci da magani ba tare da shawara ba, da wadda ke hana shi magani saboda tsoron hukuma, duk sun gaza, kuma gazawar tasu ɗaya ce.

Saunders ta koyar da cewa raɗaɗin mai jinyar ƙarshe ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na zamantakewa, da na ruhi, shi ya sa aikin ya zama na ayari: likita, ma'aikatan jinya, masu taimakon wanka da tsafta, jami'in jin daɗin jama'a, mai ba da shawara kan addini, da 'yan sa-kai. A tambayi ko waɗannan mutane suna zama tare su duba halin kowane majinyaci, kuma sau nawa. Dokar Amurka ta ce a sake duba tsarin kulawa aƙalla duk bayan kwana 15. A nemi sanin yawan majinyatan da ke hannun ma'aikaciyar jinya ɗaya, da kuma ko ita ce za ta riƙa zuwa ko kullum sabuwar fuska za a gani, domin wadda ta san majinyaci ita ce ke fara lura da ƙaramin sauyi. Game da addini kuwa, abin nema shi ne cibiyar ta girmama aƙidar majinyaci, ta buɗe ƙofa ga malamin da shi ya zaɓa, ta kuma tambayi iyali tun da wuri yadda suke so a yi da gawa.

Takardun hukuma suna da amfani, ko da yake ba su isa su kaɗai ba. A nemi ganin lasisi da rahoton binciken ƙarshe da hukuma ta yi. A Ingila hukumar CQC, mai sa ido kan cibiyoyin lafiya, tana ba kowace cibiya ɗaya daga cikin darajoji 4, tun daga mafi kyau har zuwa wadda ta gaza, kuma rahoton a buɗe yake ga kowa a intanet. A Amurka shafin intanet na gwamnati mai suna Care Compare yana nuna sakamakon tambayoyin da aka yi wa iyalan waɗanda suka rasu, tare da kason majinyatan da ma'aikacin jinya ko jami'in jin daɗin jama'a ya ziyarta aƙalla a kwana 2 cikin kwana 3 na ƙarshen rayuwarsu. Wannan ma'auni na biyu ya fi yawancin sauran faɗin gaskiya, kuma ana iya tambayar kowace cibiya a ko'ina game da shi. A duba ranar rahoton, a kuma tambaya ko cibiyar ta sauya masu ita tun daga lokacin. Kasancewar cibiya ta kasuwanci ce ko ta agaji ba ya yanke hukunci shi kaɗai, amma idan tana yawan sallamar majinyata da ransu da zarar jinyarsu ta yi tsada, wannan abin tuhuma ne.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce: me aka ɗauke wa iyali, me ya rage a kansu, musamman magunguna, gadon asibiti, katifar da ke hana gyambon kwanciya, iskar oksijin da motar ɗaukar marar lafiya. A tambayi matsayinsu kan ƙarin jini ko gasa ƙarin ciwon daji da hasken na'ura da ake yi don rage ciwo kawai, da magungunan da majinyaci ya daɗe yana sha, waɗanne za a ci gaba da su, waɗanne za a dakatar, kuma da wane dalili. A tabbatar majinyaci yana da 'yancin ficewa ko komawa wata cibiya. Wa'adin wata 6 da ake yawan ambata a Amurka hasashen likita ne na kwanakin da suka rage wa majinyaci, wanda ke ba da damar shiga shirin Medicare, kuma ana sabunta shi muddin ciwon yana ci gaba, don haka ba dalili ba ne na korar wanda ya wuce shi.

Idan cibiyar tana da ginin da ake kwantar da mutane, a je ba tare da dogon shiri ba. Kyawun harabar ba shi da muhimmanci kamar tsaftar bakin majinyata, da rashin warin fitsari a ɗakuna, da saurin amsa ƙararrawa, da kuma ko an yarda wani daga iyali ya kwana. A lura da wanda ma'aikaci ke fuskanta idan yana magana, majinyacin ne ko kuwa ana maganarsa ne a kansa kamar ba ya wurin.

Binciken ba ya ƙarewa da sa hannu. Kwanakin farko su ne gwaji na gaskiya: ya kamata ma'aikacin jinya ya zo ya duba majinyaci cikin sa'o'i 48, kayan aiki da magunguna su iso, a kuma koya wa mai jinya da hannu yadda ake juya majinyaci, da jiƙa masa baki, da auna magani. Yana da kyau a ajiye littafi a gefen gado ana rubuta lokacin kowane kira da lokacin da aka amsa, da ziyarar da aka yi da wadda aka saɓa, da lambar raɗaɗi ta kowace rana, domin da shi ne za a kai ƙorafi ga shugaban ma'aikatan jinya, in bai yi tasiri ba a kai ga hukumar da ta ba da lasisi. Idan ƙarshe ya matso, cibiya mai inganci tana ƙara yawan ziyara, tana bayyana wa iyali abin da za su gani, kamar yawan barci, da ƙin abinci da ruwa, da sanyin hannuwa da ƙafafu, da sauyin numfashi da gargara, tana kuma faɗa musu lambar da za su kira idan rai ya yi halinsa da wanda zai zo ya tabbatar da rasuwar. Sannan a tambaya tun yanzu abin da take yi wa iyali bayan rasuwa, wato wanda zai karɓi ragowar magunguna masu ƙarfi, da wanda zai riƙa tuntuɓar waɗanda aka bari, da tsawon lokacin da hakan zai ɗauka, wanda a tsarin Amurka ya kai shekara guda.