Ga masu niyyar leƙa Meiji Jingu a Tokyo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda hanya ta kai shi Tokyo, ina ba shi shawara ya ware safiya guda ya leƙa Meiji Jingu, wurin bautar addinin Shinto da ke dab da tashar jirgin ƙasa ta Harajuku. Shiga kyauta ce, ana buɗewa da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta.

An kammala shi a 1920 domin Sarki Meiji da matarsa Shoken. Ya ƙone a harin jiragen yaƙi a 1945, aka sake gina shi a 1958. Dajin da ya kewaye shi ma shuka ce, itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar.

In kun wuce babbar ƙofar katakon nan, torii, ku bi gefen hanya, don a wurin mabiya Shinto tsakiya ta abin bautarsu ce. Gaba kaɗan akwai wurin ruwa: hannun hagu ake fara wankewa, sai dama, sannan a kurkure baki da ruwan tafin hannu. A gaban ɗakin bauta za ku ga suna rusunawa sau biyu, su tafa sau biyu, su ƙara rusunawa. Wannan ibadarsu ce, ba wanda zai ce sai kun yi. Ku tsaya gefe, ku rage murya, kada ku ɗauki hoto a nan.

Ku guji kwana ukun farkon Janairu, cunkoson ba a magana. In azahar ta riske ku, masallacin Tokyo Camii na kusa da tashar Yoyogi-Uehara, tasha biyu daga Meiji-jingumae, wata tashar jirgin ƙasa da ke dab da wurin bautar.