Yadda Mai Renon Yara a Gida Za Ta Tsara Lokacin Karɓar Kuɗinta

A garuruwan karkara na Kano da Jigawa renon ɗan wani ba baƙon abu ba ne, domin tun kaka da kakanni uwa kan bar ɗanta a hannun surukarta ko abokiyar zamanta idan za ta unguwa. Abin da yake sabo shi ne mayar da renon sana'a, wato mace ta gyara ɗaki guda da inuwar tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta riƙa karɓar 'ya'yan malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da matan da ke fita aikin shinkafa, ana biyan ta ladanta. Yawancin masu fara wannan sana'a sukan daɗe suna tunanin nawa za su yanka, su manta da tambayar da ta fi wannan nauyi, wato yaushe za a biya. A ganina, ranar biya ta fi yawan kuɗin tasiri wajen ɗorewar sana'ar, kuma ranar da ta dace ita ce wadda ta zo daf da lokacin da kuɗi ke shiga hannun iyayen, da sharaɗin a biya kafin a yi aikin.

Kafin ki zaɓi kowane tsari, ki ɗauki biro da takarda ki rubuta abin da ke fita daga hannunki, tare da ranar da yake fita. Akwai itacen girki ko gawayi, akwai sabulu da garin wanki, akwai gero da sukari na kunun hantsi, akwai ruwan ɗan garuwa idan babu rijiya a gidan, sannan akwai ladan yarinyar da ke taya ki goyo da wankin tsumma. Za ki tarar da cewa kusan duk waɗannan kullum ne ko mako-mako, ba sa jiran ƙarshen wata. Saboda haka idan ba ki da wani ɗan jari a ajiye wanda zai ɗauke ki kwana talatin, tsarin da zai sa ki jira wata guda kafin ki ga ko sisi zai jefa ki cin bashi a wurin mai kanti tun kafin sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Bayan haka sai ki dubi iyayen ɗaya bayan ɗaya, domin ba rana guda kuɗi ke zuwar musu ba. Malamar makaranta da ma'aikaciyar lafiya masu albashi ne, nasu yakan shigo a ƙarshen wata, wani lokaci ma ya tsallaka zuwa farkon wata mai kamawa. Mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai turara shinkafa a yankin Kura da Bunkure, kuɗinta yana bin ranar kasuwa ne. Manomi kuwa sai kaka ta yi, ko kuma sai an fara ɗibar tumatir idan mai noman rani ne. Wanda kika sa wa ranar biya a lokacin da aljihunsa ya bushe, ko mutumin kirki ne zai saɓa alkawari, ke kuma ki ɗauka raini ne.

Biyan kullum ba ya buƙatar dogon bayani. Ya dace da uwar da takan kawo ɗanta jefi-jefi, kamar ranar da za ta awo ko ranar da ta samu aikin tsinkar tumatir, kuma ya kamata ya fi sauran tsada idan aka auna, tunda ba ki da tabbacin za ta dawo gobe. Kada dai ki gina sana'ar a kansa, domin ba za ki taɓa sanin yawan kunun da za ki dama ba.

Biyan mako-mako shi ne wanda na fi ba mai farawa shawara a kai, kuma ba sai kin sha wahalar fahimtar da kowa ba, tunda duk wanda ya yi makarantar allo ya san kuɗin Laraba. Kuɗin ba ya taruwa har ya yi wa iyaye nauyi, idan kuma wani ya kasa biya, asararki ta mako guda ce kawai. Dabarar ita ce ki ɗora ranar karɓa a kan kasuwar da mutanen garinku ke ci. Idan kuna kusa da Wudil, inda kasuwa ke ci ranar Juma'a, ki sa a riƙa kawo kuɗin ranar Asabar. A yankin Maigatari kasuwar Alhamis ce, a Dambatta kuma Lahadi. Washegarin kasuwa kuɗin ciniki yana nan bai watse ba, amma idan aka kwana uku an riga an sayi cefane, an zuba adashi, an biya mai taki.

Masu albashi kuwa za su nemi ki bar su a kan wata-wata, kuma babu laifi a yi musu haka, sai dai akwai wani lissafi da mata da yawa ke faɗawa cikinsa ba su sani ba. Ana ɗauka cewa wata mako huɗu ne, alhali shekara tana da mako 52, ba 48 ba. A ƙaddara kin yanka naira 2,000 a mako, misali kawai nake bayarwa. Wadda ke biya mako-mako za ta ba ki naira 104,000 a shekara, amma wadda kika ce ta kawo naira 8,000 a wata za ta ba ki 96,000 ne kawai, wato kin yi mata renon mako huɗu kyauta. Idan yara shida ne a kan wannan tsari, naira 48,000 ta salwanta a shekara ba tare da kowa ya cuce ki ba. Daidai lissafin shi ne ki ninka kuɗin mako sau 52 ki raba gida 12, wanda a wannan misali ya kama kusan naira 8,700. In kin ga dama ki rage musu wani abu saboda sun biya a dunƙule, to ki rage da saninki. Sannan ki sa wa'adi bayyananne, kamar 5 ga wata, domin a ba albashin da ya makara damar isowa.

Akwai kuma masu son biyan kuɗin zango guda gaba ɗaya kamar yadda ake yi a makarantun kuɗi. Yana da daɗin karɓa, amma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda farashin kwanon hatsi ke iya sauyawa cikin 'yan makonni, kuma kuɗin da kika karɓa a watan Satumba shi zai ciyar da yaron har Disamba. Idan kin karɓa, ki sayi abin da ba ya lalacewa nan take, ki raba sauran gida uku.

Batun da ya fi buƙatar natsuwa shi ne na mahaifin da zai ce a bar shi sai kaka ya biya da hatsi. Idan kika yarda da haka a watan Yuni, kin ba shi bashin watanni huɗu ko biyar a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma abinci ya fi tsada, sannan ya biya ki a lokacin da gero ya fi araha. Abin da ya fi shi ne a juya lissafin: ya kawo hatsin da kaka a matsayin biyan watannin da ke gaba. A auna da kwanon da aka saba da shi a gaban ku biyu, a yi masa kuɗi da farashin kasuwar wannan makon, a rubuta da naira, a kuma rubuta watan da zai ƙare. Ta haka ke ma kin samu gero mai sauƙi da za ki adana don kunun yara, muddin kin kiyaye shi daga ƙwari da danshi. Amma kada hatsin ya wuce abin da yaran za su ci, domin mai itace da yarinyar da ke taya ki tsabar kuɗi suke jira.

Kowane tsari kika ɗauka, ki tsaya a kan kafin alƙalami: kuɗin mako a farkon mako, na wata a farkon wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ranar da aka fara kawo yaron ita ce ranar faɗin komai, kuma ya kyautu mahaifin ya sani ko da uwar ce ke biya. Ki bayyana cewa gurbin yaron ake biya, ba kwanakin da ya zo ba, tunda ko ya kwana biyu a gida da zazzaɓi kin riga kin hana wani wurin. Idan jinyar ta wuce mako guda, kyautatawa ce ki yafe rabi. Ki faɗi kwanakin da za ki rufe na ƙaramar Sallah da babba, ki kuma yanke abin da za a yi da dogon hutun makaranta na watan Agusta, lokacin da malamai ke riƙe 'ya'yansu a gida. Wasu masu reno sukan karɓi ɗan wani abu na riƙon gurbi, wasu kuma su cike wurin da 'ya'yan matan da aikin damina ya fitar.

Na taɓa zama a tsakar gidan wata maƙwabciyarmu mai wannan sana'a wata safiyar Litinin, sai ga matar ƙanin mijinta ta shigo da goyo, ta sauke shi a tabarma, ta ce, "Yaya, na wannan satin a haɗa da na wancan, in Allah ya kai mu Juma'a." Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo wani littafin rubutu daga ƙarƙashin filo, ta buɗe shafin yaron, ta ce, "To Amarya, ga na wancan nan an rubuta, ga na yau. Juma'ar nan zan jira, amma kin san ba na haɗa uku." Kowane yaro da shafinsa, ranar biya a hagu, adadi a dama, wanda ya kawo kuɗin kuma ya sa hannu ko ya dangwala. Kunya ce ke kashe irin wannan sana'a a ƙauye, inda kusan kowa ɗan uwa ne, kuma littafin shi ke magana a madadin mai kunya. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa ake ɗaga ƙafa, amma ɗaga ƙafar ma a sa masa iyaka tun farko, kamar mako biyu, kuma iyakar ta hau kan kowa daidai, har da 'yar ɗakinku.

Game da hanyar biya, ki buɗe ƙofa biyu. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya nuna haɗarin dogaro da tsabar kuɗi kaɗai, rashin sabis a ƙauyuka kuma yana nuna haɗarin dogaro da tiransifa kaɗai. Idan aka turo ta waya, kada ki rubuta an biya sai kin ga saƙon shigar kuɗin a wayarki, kuma a yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki cajin mai POS, domin naira ɗari a kan kowane yaro kowane mako ba ƙaramin abu ba ne.

Idan tsadar kaya ta tilasta miki ƙari, ki sanar wata guda kafin lokacin, ki kuma sa ya fara a farkon zangon karatu ko bayan an shigo da amfanin gona. Haka nan ki nemi duk mai son cire ɗansa ya gaya miki mako biyu kafin ranar, idan kuma akwai ragowar kuɗinsa ko hatsinsa a hannunki, ki lissafa a gabansa daga shafin yaron ki mayar masa a ranar da ya zo ɗaukar kayan ɗan.