Yadda Ake Gano Abincin Da Jiki Ke Ƙi Kafin A Hana Mutum Cinsa

A gidajenmu magana ɗaya muke yi wa abubuwa uku: "abincin bai karɓe shi ba." Yaron da leɓensa ya kumbura bayan ya sha kunun gyaɗa, da dattijon da cikinsa ke ƙugi duk ranar da ya sha madara, da yarinyar da ta shekara tana gudawa tana ramewa alhali tana cin burodi da taliya kamar kowa, duka haka ake ce musu. Abin da ke faruwa a jikin kowannensu kuwa daban ne. Wanda ya zuba su a kwando ɗaya zai iya raba yaro da abincin da ke gina shi ba gaira ba dalili, ko ya yi sakaci da abin da ke iya halaka shi kafin a kai asibiti. Ga yadda ake bi a rarrabe.

Mataki na 1: Ku san wane irin faɗa ake yi a jikin

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira aleji, mu kuma muka fi saninsa da borin jini saboda rudu-rudun da yake fitarwa a fata. A nan garkuwar jiki ce ta yi kuskure, ta ɗauki furotin ɗin gyaɗa ko ƙwai ko kifi a matsayin maƙiyi. Sai ta ƙera masa wani makami na musamman mai suna IgE, wanda masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano tsakanin 1966 da 1967. Makamin yakan je ya maƙale a jikin wasu ƙwayoyin garkuwa da ke gadi a fata, da hanci, da huhu, da hanji, ya yi lamo. Shi ya sa haɗuwar farko kan wuce shiru. Ranar da abincin ya sake shigowa, ƙwayoyin sai su fashe su watso sinadarin histamin. Shi ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya tsattsafo cikin nama, a ga kumburi da ƙaiƙayi, shi ke matse hanyar numfashi. Ɗan abin da ya rage a cokali ya isa ya tayar da wannan tarzoma, kuma yawanci cikin mintuna ne, da wuya ya wuce awa biyu.

Na biyu babu ruwan garkuwar jiki a ciki. Hanji ne ya kasa narkar da wani abu. Misalin da ya fi yawa shi ne sukarin da ke cikin madara, laktos: bayan yaye, sinadarin da ke narkar da shi yana raguwa a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Sukarin sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi, ga kumburin ciki, ga iska, ga zawo. Fulani da yawa sun gaji ikon narkar da shi har tsufa, abin da ba kowane maƙwabcinsu ya samu ba. Wannan yana da takura amma ba ya kisa, kuma ya danganta da yawan abin da aka sha.

Na uku shi ne inda garkuwar jiki ta juya wa mai ita. A cutar siliyak, furotin ɗin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir ne ke tunzura ta, amma bangon ƙaramin hanji take ci, har 'yan gashin da ke tsotse abinci su baje. Mutum na ci, jiki ba ya amfana: ƙarancin jini, rama, yaro ya ƙi girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya ɗaura alhakin a kan alkama. Ya lura yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi a yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke, suka koma ciwo da ya dawo. Dangin siliyak su ne ciwon suga nau'i na 1, da lufus, da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, sai dai su ba a warkar da su da barin wani abinci, duk da abin da masu tallan magani ke faɗa.

Mataki na 2: Ku haddace alamomin da ba a jira da su

Da gangan na sa wannan kafin duk wani gwaji. Idan bayan cin abinci, ko shan magani, ko harbin zuma ko rina, aka ga harshe ko maƙogwaro na kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara, mutum na jiri ko ya suma, ko jariri ya yi laushi fatarsa ta koɗe, to anafilaksis ne, wato aleji mafi tsanani da ke iya kisa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi wuya, a zaunar da shi. Kada a tsayar da shi, kada ya taka da ƙafarsa zuwa mota, domin jininsa ya riga ya faɗi.

Maganinsa allurar adirenalin ce a gefen cinya ta waje. Babba miligiram 0.5 ake yi masa, yaro gwargwadon nauyinsa, kuma ma'aikacin lafiya zai iya maimaitawa bayan minti biyar idan babu sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake ɓata waɗannan mintuna wajen neman Piriton a kemis, ko ɗura wa mutum manja, ko sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Piriton na rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ke rufewa, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Ku nufi asibiti mafi kusa, ku faɗa musu tun daga ƙofa abin da ya ci da lokacin da ya ci. Ko ya warware, a bar shi a can na wasu awanni, saboda abin kan dawo karo na biyu.

Mataki na 3: Ku buɗe littafi

Idan alamomin ba su kai can ba, ku sayi ƙaramin littafin rubutu. Mako biyu zuwa uku, ku rubuta duk abin da ya shiga baki da lokacinsa, da abin da jiki ya yi da lokacinsa. Idan fata ta yi rudu-rudu, ku ɗauki hoto da waya, don sau da yawa kafin a ga likita ya baje.

A nan ne aikin yake, domin girkinmu na ɓoye abubuwa. Gyaɗa ba a kunu kaɗai take ba. Tana cikin yajin tsire, wanda da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Tana cikin labun kilishi, da daƙuwa, da miyar taushe, da kwaɗon zogale, da man gyaɗar da aka matse a gida. Waken suya na cikin awara, wani lokaci har a daddawa. Riɗi na cikin kantu. Garin jatan lande kan shiga miya ba a faɗa ba. Alkama kuwa ta mamaye gurasa, funkaso, alkaki, fanke, cincin, taliya da Semovita. Uwar da ta rubuta "tsire" kawai ba za ta zargi gyaɗa ba, sai ta ɗora wa naman laifi.

Lokaci shi ne babban mai ba da shaida. Ƙaiƙayi da kumburi cikin mintuna, kuma duk lokacin da aka ci, aleji suke nunawa. Kumburin ciki bayan awa ɗaya ko fiye, wanda ke ƙaruwa da yawan abin da aka sha, gazawar narkarwa ce. Rama da kasala da gudawar watanni kuwa sai an duba hanji da jini. Akwai kuma mai kama da aleji alhali ba shi ba ne: kifi irin su titus idan ya daɗe babu sanyi yakan tara histamin da kansa, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Idan duk gidan suka yi ja suka kama ciwon kai bayan kifi ɗaya, kifin ne ya lalace.

Mataki na 4: Ku cire abu ɗaya, ba goma ba

Wannan na masu damuwar ciki ne kawai. Ku cire abincin da kuke zargi mako biyu zuwa huɗu, sauran ku bar su yadda suke, sannan ku dawo da shi kaɗan-kaɗan. Idan ciwon ya tafi ya kuma dawo tare da shi, kun kama ɓarawon. Mai matsalar laktos sau da yawa yana iya shan kindirmo da nono mai tsami, domin tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin, don haka ba lallai ya rabu da fura ba.

Mutum biyu kada su yi wannan a gida. Wanda abinci ya taɓa kumbura masa fuska ko ya toshe masa numfashi, a gaban likita kaɗai ake sake gwada masa. Wanda ake zargin siliyak kuwa kada ya bar alkama kafin a ɗebi jininsa, don idan ya bari, abin da ake nema a jinin zai ɓace, gwaji ya ce lafiya lau.

Mataki na 5: Ku kai littafin asibiti

Likita zai iya ɗiga ruwan abincin a fatar hannu ya ɗan tsira, a jira minti 15 zuwa 20 a ga ko wurin zai tashi, ko ya auna IgE a jini. Sai dai takardar gwaji ita kaɗai ba ta yanke hukunci, musamman a ƙasashenmu. IgE tun asali makamin yaƙi da tsutsar ciki ne. Wani bincike da aka buga a 2013 kan 'yan makaranta a Gana ya samu yara da dama da jininsu ya nuna IgE na gyaɗa alhali suna cinta lafiya, kuma an danganta hakan da tsutsar tsargiya. Da an bi takarda, da an hana su gyaɗa a banza. Haka gwajin IgG, wani makamin garkuwa daban da IgE, da ake tallatawa da alkawarin lissafo abinci ɗari da jikinku ke ƙi: ƙungiyoyin likitocin aleji ba su yarda da shi ba, don abin da kuka saba ci kawai yake nunawa.

Ku kuma guji sayen deksametason ko firednisolon a kemis duk lokacin da fata ta yi ƙaiƙayi. Suna kwantar da abin nan take, shi ne daɗinsu, amma yawan shansu na hawar da jini da suga, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar da ake so a gyara.

Mataki na 6: Ku maye gurbin abin da kuka cire, ku sanar da mutane

Mai siliyak a ƙasar Hausa ya yi sa'a ta wani ɓangare: gero, dawa, masara, shinkafa, acca da rogo duk babu gulutin a cikinsu. Sai dai a kula da injin niƙa, inda ake zuba dawa bayan alkama. Yaron da aka hana ƙwai ko madara yana buƙatar wake, kifi ko nama a madadinsu. Yara da yawa kan rabu da alejin madara da na ƙwai idan sun girma, shi ya sa ake komawa a sake dubawa. Na gyaɗa ya fi naci.

Ku faɗa wa kaka, da malamin makaranta, da maƙwabciyar da ke miƙa wa yara ƙuli-ƙuli. Za a ce muku "ɗan kaɗan ne, zai saba." A yi musu bayani cikin ladabi cewa a wannan cutar ɗan kaɗan ɗin ne ke kai mutum asibiti.

Ƙannen yaro mai aleji kuma kada tsoro ya sa a hana su gyaɗa. Wani gwaji da aka yi a Landan kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, wanda aka fitar a 2015, ya nuna cewa cikin waɗanda aka hana gyaɗa kusan 17 cikin 100 sun kamu da alejinta a shekara biyar, cikin waɗanda aka fara ba su da wuri kuwa kusan 3 ne. Don haka idan jariri ya cika wata shida ya fara cin abinci tare da nonon uwa, a ba shi kunun gyaɗa mai laushi da dafaffen ƙwai, a fara da ɗan cokali da safe a sa masa ido. Gyaɗa tsaba kada a ba shi, tana shaƙe yaro. Jaririn da ke da ƙyasfin fata mai tsanani, ko wanda ƙwai ya riga ya taɓa kumbura shi, a fara kai shi wurin likita kafin cokalin farko.