Yadda na hana sabuwar kwamfuta shanye mini data

Alhamdu lillahi, an samu mafita, godiya ga ƙanena da ya nuna mini hanya.

Laftof ce sabuwa mai Windows 11. Gidanmu a Mabera nan Sakkwato ba mu da wata intanet sai ta waya, don haka da hosfot nake haɗa ta. Da na haɗa, kafin in buɗe komai, data ta fara zurarewa kamar ruwa a rariya.

Na fara zargin maƙwabta, na canza kalmar sirrin hosfot. Bai hana ba. Na binciki ƙwayar cuta, babu.

Ashe kwamfutar ta ɗauki hosfot ɗin a matsayin layin da ba ya ƙarewa, tana ta sauke sabuntawa a ɓoye, OneDrive kuma, manhajar ajiye fayiloli a intanet, yana loda hotunan da na kwaso daga tsohuwar kwamfutata.

Na shiga Settings, na zaɓi Network & internet, sai Wi-Fi, na danna sunan hosfot ɗina, na kunna Metered connection, wato layi mai awo, don kwamfutar ta san datar tana ƙarewa. Wannan shi ne babban maganin, kuma kowane layi sai an kunna masa nasa daban. Daga nan na je Windows Update, cikin Advanced options, na tabbatar maɓallin sauke sabuntawa a kan layi mai awo a kashe yake. OneDrive kuwa na dakatar da shi daga alamar gajimaren da ke kusa da agogo.

Sabuntawar ban yafe ta ba, domin tsaro ne. Sai dare nake kashe awon, lokacin garaɓasar data, in bar ta ta sauke abinta.