Yadda Ake Zaɓar Burauza Marar Nauyi Ga Tsohuwar Kwamfuta

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu da ofisoshin 'yan kasuwarmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 'yan tokumbo ne da aka sayo a Computer Village da ke Ikeja, kuma wasunsu sun haura shekara goma a duniya. Irin wannan kwamfuta takan rubuta wasiƙa ta buga rasit lafiya lau, amma da zarar an shiga intanet sai ta fara jan ƙafa, fankarta ta kama ƙara. Mafi yawan wannan nauyi daga shafukan intanet na yanzu yake fitowa, waɗanda aka cika da tallace-tallace da bidiyo, saboda haka burauzar da ta dace, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, Edge ko Firefox, ita ce wadda har yanzu ake tura mata gyaran tsaro, take kuma buɗe shafukan da kake buƙata, sannan kai da kanka ka rage mata kaya.

Mataki na farko shi ne sanin abin da ke cikin kwamfutar. Ka danna maɓallin dama na linzami a kan This PC, ko Computer idan Windows 7 ce, ka zaɓi Properties. A nan za ka ga nau'in Windows ɗin, da yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a lokacin, da kuma ko tsarin na bit 32 ne ko na bit 64. Ka rubuta waɗannan uku a takarda. Mai gig 2 na RAM yana cikin matsi sosai, mai gig 4 zai yi aiki idan ya kula, mai gig 8 kuwa da wuya a ce burauza ce matsalarsa.

Mataki na biyu ya fi kowanne muhimmanci, domin nau'in Windows ne ke yanke hukuncin burauzar da za ta shiga. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya daina kula da Windows 8.1 a Janairun 2023, kuma Chrome da Edge sun tsaya a lamba 109 a kan waɗannan biyun, ba su ƙara samun gyara ba tun farkon 2023. Wanda yake shiga asusun bankinsa da Chrome 109 a yau yana amfani ne da manhajar da aka gano ramukanta aka bar su a buɗe. Ga mai Windows 7 ko 8.1, zaɓin da ya fi hankali shi ne Firefox 115 ESR, wanda shi ne na ƙarshe da Mozilla, masu Firefox, ta fitar domin waɗannan tsare-tsare, ta kuma sha ƙara wa'adin tura masa gyaran tsaro. Sai dai wa'adi ne mai ƙarewa, don haka a leƙa shafin Mozilla a ga inda aka kwana kafin a dogara da shi. Windows XP da Vista sun daɗe da fita daga lissafi, tunda Chrome ya bar su a lamba 49 tun 2016, Firefox kuma ya tsaya a 52, kuma shawarata ita ce kada a yi harkar kuɗi a kansu ko kaɗan. Ita kanta Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, amma sababbin Chrome da Edge da Firefox sun ci gaba da aiki a kanta.

Na uku, ka lissafa shafukan da ba za ka iya aiki ba tare da su ba. Mai shagon da ke duba wa ɗalibai sakamakon JAMB da WAEC, yana biyan kuɗi ta Remita, yana karɓar takardun kwastomomi ta WhatsApp Web, buƙatarsa ta sha bamban da ta wanda labarai kawai yake karantawa. Da wannan jeri za a auna kowace burauza.

Na huɗu shi ne zaɓin kansa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa da yawan sunaye. Chrome, Edge, Opera, Brave da Vivaldi duka a kan tushe ɗaya aka gina su, wato Chromium, shi ya sa sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba ya kawo sauƙin da ake zato. Masu tuna saurin Opera Mini a waya su sani cewa ita tana matse shafi ne a kwamfutocin kamfanin kafin ta turo shi, kuma Opera ta kwamfuta ba haka take aiki ba. Firefox tana da injinta na daban. Akwai kuma Pale Moon, wadda ta samo asali daga tsohuwar Firefox, tana kuma cin RAM kaɗan ƙwarai, sai dai wasu shafukan zamani kan ƙi buɗewa daidai a cikinta. NetSurf da Dillo sun fi kowa sauƙi, amma ba sa iya sarrafa yawancin shafukan banki da na sada zumunta, amfaninsu bai wuce karatun rubutu zalla ba. A ganina, mai Windows 10 da gig 4 ya gwada Firefox da Edge, wadda dama tana cikin kwamfutar. Mai gig 2 ya ajiye burauza biyu: Pale Moon domin karatu da bincike, Firefox domin banki da sauran shafuka masu tsauri, kuma kada ya buɗe su a lokaci guda.

Na biyar, ka sauko da manhajar daga shafin masu ita kai tsaye, kamar mozilla.org ko palemoon.org. Tsohon kwafi da ke yawo a filashi daga hannu zuwa hannu ya kan zo da ƙwayar cuta ko wasu manhajojin talla da ke ƙara wa kwamfuta nauyi. Bayan ka saka, sai gwaji. Ka rufe duk sauran manhajoji, ka buɗe shafuka uku ko huɗu daga jerin da ka rubuta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin Task Manager, wato allon da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, ya fito, ka duba adadin RAM da ke aiki. Ka rufe wannan burauzar, ka maimaita da ta biyu da shafukan nan dai. Ka lura kuma da yadda rubutu ke fitowa idan kana bugawa, da yadda shafi ke tafiya idan kana gangarawa ƙasa, domin wani lokaci burauza kan ci RAM da ɗan yawa amma ta fi daɗin aiki.

Na shida shi ne rage kaya, kuma sau da yawa ribarsa ta fi ta sauya burauzar ma. Ka fara da saka uBlock Origin, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da ake maƙala wa burauza tana tare tallace-tallace kafin su sauko, abin da ke rage cin RAM da cin data a lokaci ɗaya. Cikakkiyarta tana aiki a Firefox, a sabon Chrome kuwa sai dai ƙaramarta mai suna uBlock Origin Lite. Sauran manhajojin da aka maƙala waɗanda ba ka san amfaninsu ba, ka cire su. A Chrome ka kunna Memory Saver, a Edge ka kunna Sleeping Tabs, waɗanda ke kwantar da shafukan da ka bari a buɗe ba ka dubawa. A Edge ɗin kuma ka kashe Startup Boost da labaran da ke cika sabon shafi. A Firefox ka shiga Settings, ka nemi Autoplay, ka hana bidiyo tashi da kansa.

Batun YouTube yana da nasa dalili. Shafin yakan turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda tsofaffin kwamfutoci ba su da sashen da ke warware su, sai aikin duka ya faɗa kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, hoto ya riƙa tsayawa, na'ura ta ɗau zafi. Ƙaramar manhajar h264ify tana tilasta wa YouTube turo tsarin H.264, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ke iya warwarewa cikin sauƙi. Idan ka haɗa wannan da rage ingancin hoton zuwa 480p, wa'azi ko darasi zai tafi ba tare da yankewa ba.

Idan an yi duk wannan kwamfutar ba ta sake ba, to matsalar ta wuce burauza. Zafi da ƙurar Legas kan toshe fanka, kuma firosesa idan ta ji zafi da kanta take rage gudu, saboda haka a kai wa mai gyara ya buɗe ya share ta. A tambaye shi ko tana da gurbin ƙarin RAM, tare da tuna cewa Windows ta bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gig 4. Sauya tsohon hadis (hard disk) mai juyawa da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar fayiloli mai sauri, shi ne gyaran da aka fi jin tasirinsa, musamman ga mai ƙaramin RAM. Wanda kuma kwamfutarsa ta maƙale a Windows 7 yana iya sa a ɗora masa wani tsarin a madadin Windows, kamar Linux Mint mai tsarin Xfce ko Lubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna karɓar sabuwar Firefox, muddin kwamfutar ta bit 64 ce. Kafin a taɓa komai a kwashe takardu da hotuna a filashi, a kuma tabbatar firintar shagon za ta yi aiki da sabon tsarin.