Kurakuran da muke yi idan sabon titi ya nufo garinmu

Tun da aka ƙaddamar da titin Sakkwato zuwa Badagry a 2024, mai tsawon sama da kilomita 1,000 da zai ratsa Kebbi, kowa na murnar za a rabu da cunkoso. Ni ma ina murna. Sai dai wanda ya taɓa maƙalewa a Jega ranar kasuwa ya san ba ƙanƙantar kwalta kaɗai ke tsayar da mota ba. Tirelar albasa ta Aliero ce ta faka a gefe, mai tsire ya kafa tukuba, 'yan acaɓa sun cike sauran wurin.

Babban kuskurenmu ke nan: muna bin sabon titi da rumfunanmu. Titin tarayya yana da hurumi, mita 45.72 daga tsakiya zuwa kowane ɓangare. Wanda ya yi gini a ciki, wata rana zai tarar da jan fenti a bangonsa, kuma kafin ranar ya riga ya dawo mana da cunkoson da aka kashe biliyoyi don kaucewa. Gyaran shi ne hakimi da shugabannin kasuwa da na direbobi su nemi filin tasha da wurin sauke kaya a wajen hurumin titin, tun katafila ba ta iso ba.

Sai sayar da gona cikin gaggawa. Dillali ya ji labarin hanya kafin kai, shi ya sa ya zo da kuɗi a leda. Dakata tukuna. Kuma ranar ƙiyasin diyya kada ka aiki yaro. A Dokar Filaye ta 1978 abin da ke kan ƙasa ake biya: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Tsaya a ƙirga mangwaronka ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoto, ka karɓi takarda.

Wasu kuma sun ɗauka zancen kuɗin hanya ya mutu tun da Obasanjo ya soke shingayen karɓar kuɗi a 2003. Ai a 2025 an dawo da karɓa a hanyar Keffi zuwa Makurdi. To a tambaya tun yanzu: ina za a kafa shinge, manomin da ke tsallakawa fadama kullum zai biya, tsohuwar hanya za a ci gaba da gyara ta?

Kada a manta da kwalbati da mashigar shanu. Ƙasar shinkafa ce tamu. Titin da aka ɗaga ba mafitar ruwa, damina ɗaya ta isa ya mayar da gona tafki. A kai wa injiniyoyi kuka a rubuce, da sa hannun mai unguwa, kafin a zuba kankare.